Kwatanta Illela da Sakkwato

Makon jiya ɗaya daga cikinku, ku sababbin malamai da aka turo mana, ya leƙo ajina ya tarar na shafe rabin safiya a kan kalma guda. Da muka fito sai ya ce da ni, cikin ladabi, ai da na rubuta kalmomin a allo tare da ma'anarsu yara sun haddace, da tuni an wuce wurin. Ban amsa masa ba a lokacin, domin amsar ta fi ƙarfin tsayuwar bakin ƙofa. Ga ta na rubuta, gare shi da sauranku, kuma ina roƙon ku karanta ta har ƙarshe kafin ku yanke hukunci a kan sauƙin wannan aiki.

Ku fara sanin irin yaran da ake ba ni. Manya ne, 'yan shekara goma sha biyar zuwa sha bakwai, waɗanda aka ɗauka daga ƙasar nan aka kai babbar makarantar lardi a birnin Sakkwato, suka yi shekara ɗaya ko biyu, sannan aka ga karatunsu bai ɗauki nauyin littattafan can ba. Sai a maido su gida su yi shekara guda ta gyara a hannuna, a sake jarraba su sau ɗaya. Wanda ya ci ya koma birni. Wanda ya faɗi a soke sunansa, shi ke nan. Sun san baƙaƙe, suna iya haɗa su, wasu ma in suna karantawa da ƙarfi sai ka ce limamai. Abin da ke kayar da su shi ne kalmomin da littafi ke yin tambaya da su: bayyana, taƙaita, dalili, sakamako, jimla, kashi, kwatanta. Ku lura, duka Hausa ce, ko abin da ya daɗe da zama Hausa. Nan wahalar take, kuma na yi shekaru ina aikin kafin in gane haka.

Ni kaina ba ta hanyar boko na fara ba. Shekarar da Turawa suka shigo ƙasar nan mahaifina ya ɗauke ni muka yi gabas, ina ɗan shekara goma sha uku. Ya rasu a hanyar dawowa daga hajji, ni kuwa na tsaya Masar na yi shekara bakwai a jami'a ina karatun nahawu da lugga. Na komo gida na tarar an kafa duwatsu tsakaninmu da Ƙonni, an ce daga nan Ingilishi, daga can Faransa. Boko na koya daga baya wurin wani akawu a birni, cikin watanni kaɗan, abin da ya ƙara mini zaton cewa duk wanda ya kasa koyon abu da sauri ragwanci ne ke damunsa.

Kafin a ba ni aji, dangi suka matsa in zauna shekara guda a zauren Malam Buhari na Garu, tsohon da ya karantar da mahaifina, don in ga yadda ake riƙe ɗalibai. Malam Buhari bai taɓa wuce Katsina ba. Yadda yake karantarwa shi ne, in ɗalibi ya karanto kalmar Larabci, sai ya fassara masa ita da Hausa, sannan ya dakata ya dube shi ya ce, "To, mi kaj ji?" Ɗalibi ya faɗi abin da ya fahimta da bakinsa, tsohon ya saurara har ƙarshe, ko da shirme ne, sa'an nan ya gyara. Ta haka shafi guda yakan ci musu yini. Ni da na ga malaman da ke gama babi kafin azahar, sai na ɗauki wannan jinkirin tsufa ne. Wata rana na faɗa masa haka, a sakaye. Ya ce, "Ɗana, kai ka san abin da kac ce. Shi kaɗai yas san abin da yaj ji." Na ce na'am, na kuwa bar maganar a zauren ban tafi da ita ba.

Kayan aikina na farko ba su da yawa. Allon bango ne da muke shafawa da gawayi da ƙaro duk Asabar, da farin alli da ake kawo mini daga wajen Lafani, da allunan dutse guda takwas, biyu sun tsage, da kwalbar tawada ɗaya, da alƙaluma masu bakin ƙarfe waɗanda nake ƙirgawa kafin a tashi. Amma abin da na fi ji da shi shi ne wani littafi da na ɗinka da hannuna, na jera kalmomi ɗari biyu a ciki, kowace da ma'anarta a gaba, gajera, tsaf, irin yadda na ga ana yi a ƙamusoshin Masar. Kalma ashirin kowane mako. Da safe in rubuta, su bi ni da baki, su maimaita har ta zauna. Ranar Alhamis in tambaya, su kawo. Suna kawowa kuwa, ba tuntuɓe.

Akwai alamu tun farko da ya kamata in kula da su. Ranar da na fara koyar da kashi a lissafi, na ce kashi ɗaya cikin uku, sai ajin ya ruɗe da dariya, wani daga baya ya toshe hanci. Na yi fushi na hukunta biyu. Wata rana kuma na ce kowa ya rubuta jimla biyar da kalmar doki, sai wani yaro ɗan masu awon gero ya rubuta doki sau biyar, ya ja layi a ƙasa ya sa biyar. A gidansu jimla ita ce abin da aka tara, ba zance mai kai da gindi ba. Na ɗauki wannan wauta ce, na ba abokaina labari muka yi dariya.

Iyayen yaran su ne masu kawo mini aiki, kuma yawancinsu fatake ne. Ba sa tambayar abin da ɗansu ya koya. Abin da suke tambaya shi ne yaushe zai gama, domin yaro ɗan shekara goma sha shida hannu ne a ayari. A cikinsu akwai Madugu Arzika, mai kai fatu da goro arewa ya komo da gishiri da kanwa. Ɗansa Umaru na cikin waɗanda aka maido mini a shekara ta huɗu da fara aikina. Madugu ya kawo shi da kansa, ya tsaya bakin ƙofa bai shigo ba.

Ya ce, "Allah shi gafarta Malam, ga shi nan. Shekara guda na ba ka. In ya ci, naku na. In ya hwaɗi, raƙuma na jiran shi."

Umaru yaro ne mai shiru, dogo, rubutunsa a hankali kamar mai ɗinki. Burinsa ɗaya ne, kuma ya faɗa mini tun makon farko: yana so ya zama malamin safiyo. Yana ƙarami ya ga masu awon ƙasa suna jan sarƙa a hanyar Amarawa, ɗaya daga cikinsu ya nuna masa taswira, ya ga garinsu ɗigo ne a takarda, hanya kuma zare. Tun daga ranar abin bai bar shi ba. Ba a kai yaro wannan aiki sai ya gama makarantar lardi, ba zai koma makarantar lardi ba kuwa sai ya ci jarrabawar gyara. Shekarunsa sun riga sun kai iyaka, saboda haka ba shi da wata dama bayan wannan. Shi ya fi kowa haddar littafina. Kalmomi ɗari biyun nan yana iya kawo su daga farko zuwa ƙarshe, ko daga ƙarshe zuwa farko.

Yara bakwai na kai birni a ƙarshen wannan shekara. Biyar suka faɗi. Ita ce muguwar shekarata, kuma ba fari ko ciwo ne ya jawo ta ba. Bayan mako uku aka aiko mini da takardunsu a cikin jakar wasiƙun hakimi. Ta Umaru na fara buɗewa, don ban yarda ya faɗi ba. Lissafi ya tsallake da ƙyar, shifta ma haka. Babbar tambaya, wadda ke ɗauke da rabin maki, ita ce: Kwatanta Illela da Sakkwato.

Ya cika shafi biyu. Ya ce mai tafiya ya fito ta kudancin kasuwa bayan sallar asuba, ya bar Amarawa kafin rana ta yi zafi. Ya faɗi inda rairayi ke cin ƙafar jaki da inda ƙasa ke da tsauri, da tsamiyar da ake yada zango a gindinta, da inda hanya ta rabu biyu, wadda ake bi da wadda ke ɓatar da baƙo. Ya kai mutum Gwadabawa, ya kwana da shi, ya tashe shi ya kai shi Kware, ya gaya masa yadda ake fito a gulbi in ruwa ya cika da yadda ake ratsawa in ya janye, har ya tsayar da shi a ƙofar birni. Babu kuskuren baƙi ko ɗaya. Ban taɓa ganin ya yi rubutu mai kyau haka ba, ban kuma taɓa ganin wani ɗalibina ya yi ba. A ƙasa mai dubawa ya ja jan layi ya sa sifiri.

Na aika aka kira shi. Ya zauna a ƙasa gabana, na ce, "Umaru, mi an kwatanta?"

Ya ce, ba tare da ya numfasa ba, "Kwatanta: nuna kama da bambanci tsakanin abu biyu."

"To, don mi kar rubuta hanya?"

Ya dubi takardar. Can ya ce, "Malam, wancan ai na allo na. Nan kuwa tambaya ta anka yi. In mutum yac ce in kwatanta mai Sakkwato daga Illela, hanya shika so."

Tun yana goye yake jin baƙi a zauren ubansa suna cewa a kwatanta musu Tawa, a kwatanta musu Madawa, a kuma ba su hanya da rijiyoyi. Wannan ma'ana ta shekara goma sha bakwai a kunnensa tana aiki. Tawa ma'anar ta shekara guda a bakinsa tana zaune, ba ta taɓa ɗaukar kaya ba. Ranar da aka matsa shi, wadda ya saba aiki da ita ce ta fito. Sauran huɗun da na duba, uku irin wannan hanya suka bi, sai dai ba su kai shi iyawa ba.

Bayan la'asar na tafi gidan Madugu Arzika. Na same shi a zaure cikin tarin kantun gishiri, ana ɗaure kaya. Na karanta masa takardar daga farko har ƙarshe, yana saurare ido rufe, yana gyaɗa kai a kowane zango.

Ya ce, "Ya yi daidai. Wuri guda yab bari: bai hwaɗi rijiyar nan ta bayan Gwadabawa jakai ba su shan ruwanta ba. To, mi sunka ba shi?"

Na ce, "Ba su ba shi komi ba."

"Sun ce hanyar ba ta kai Sakkwato?"

"A'a, Madugu. Sun ce ba hanya anka tambaye shi ba."

"Mi anka ce shi yi?"

"An ce shi kwatanta."

"To, mi yay yi?"

Masu ɗaurin kaya suka yi dariya, shi bai yi ba. Na yi masa bayani cewa a makaranta kalmar tana da wata ma'ana daban. Ya saurara, sannan ya ce, "Kai ka san da wannan. Ka hwaɗa mai?"

"Na hwaɗa mai. Kullum sai ya maimaita."

"Ya ji?"

Na roƙe shi ya ba ni kwana shida kafin ya sa yaron a ayari, ya ce ya ba ni. Na ari doki na bi hanyar nan da Umaru ya rubuta, zango zango, ban ɓata ba ko sau ɗaya. A birni na sami ganin Baturen makaranta. Mutum ne mai jin Hausa, ya karɓi takardar ya karanta sau biyu. Ya ce a duk takardun shekarar babu Hausar da ta kai wannan. Ya ce amma tambayar ba a amsa ta ba, shekarun yaron sun wuce, in kuma aka buɗe wa ɗaya sai an buɗe wa kowa. Na ce laifin nawa ne, ni ban koyar da kalmar yadda ya kamata ba. Ya ce to sai in gyara saboda na baya. Ban ga inda zan kama shi da rashin gaskiya ba, har yau kuma ban gani ba. Na komo rana ta biyar. Rana ta bakwai Umaru ya bi raƙuma arewa.

Littafin nan na kalmomi ɗari biyu ban ƙone shi ba, yana nan, amma ban sake karantar da shi yadda nake yi ba. Abin da nake yi tun daga wannan shekara shi ne wanda abokinku ya tarar. Kalma biyar a mako, wani makon uku. In na rubuta kalma ba na faɗin ma'anarta. Sai in bi su ɗaya ɗaya in tambayi inda kowa ya taɓa jin ta, a bakin wa, ana maganar me. Abin da suka faɗa in rubuta a gefe guda na allo, in ce wannan ta gida ce, kuma daidai ce. Sannan in kawo ta littafi a ɗaya gefen. Nakan yanka kwalin sukari ƙanana, kowace kalma da nata, ta gida a fuska ɗaya ta littafi a ɗayar, in zuba a ƙwarya, yaro ya zara ya faɗi duka biyun, ya kuma faɗi yadda zai gane wadda ake nufi in ya gan ta a takarda.

Ranar kwatanta nakan aiko a kawo mini kantu ɗaya da mangul ɗaya daga kasuwa, in ajiye a tsakiyar aji in ce wani ya saya. Nan take bakinsu ke buɗewa: wannan ya fi tauri, wancan ya fi saurin narkewa, wannan na dabbobi ne, wancan na miya, duka biyu dai gishiri ne kuma duka daga nesa suke. Sai sun gama in ce musu abin da suka yi yanzu shi littafi ke kira kwatantawa. Ranar kashi nakan bar su su yi dariyarsu ta ƙare, sa'an nan in zube albasa goma sha biyu in ce a kasa ta uku kamar yadda ake yi a kasuwa, kowa ya nuna mini kashi ɗaya. Bayan wannan sai su riƙa yi wa juna tambaya da kalmar, a baki da a rubuce, mako bayan mako, har ta ɗauki kaya. Duk da haka wasu na faɗuwa. Ban sani ba ko kalma biyar a mako ma ta yi yawa, ban kuma sani ba ko akwai wata kalma a cikin waɗanda nake ganin sun zauna wadda ke jiran wani yaro a ɗakin jarrabawa. Kowace shekara nakan gano ɗaya da ban zata ba.

Shekara goma sha biyu bayan tafiyar Umaru, yayata da ke aure a Tawa ta rasu da damina, ya zama dole in je gaisuwa, ni kuwa ban taɓa bin hanyar ba. Madugu Arzika ya riga ya rasu, Umaru ne madugu, da gemunsa da iyalinsa. Mukan gaisa a masallaci, amma ba mu taɓa tayar da zancen takardar ba. Na same shi a zauren nan na ubansa, na ce, "Madugu, so nike ka kwatanta mani Tawa." Sai da kalmar ta fita na ji abin da na ce.

Ya dube ni, ya yi murmushi. "Wace iri, Allah shi gafarta Malam? Ta allo ko ta mutane?"

Na ce ta mutane. Ya ce in ba shi zuwa gobe. Da hantsi ya zo makaranta da kansa, ya tsaya bakin ƙofa inda ubansa ya taɓa tsayawa, ya miƙo mini takarda da rubutun nan nasa mai kama da ɗinki. Ya rubuta cewa daga Ƙonni hanya biyu ce, ya bi kowace zango zango. A ƙasa ya ja layi ya ci gaba: sun yi kama da juna ta wajen yawan kwanaki da samun masauki, sun bambanta ta wajen ruwa da ƙasa, domin ta gabas ta fi kusa amma tana ratsa fadama, ta yamma ta fi duwatsu amma ba ta cika, saboda haka ga mai tafiya da damina, wanda kuma bai saba da sirdi ba, ta yamma ta fi.

Na ce, "Yaushe kag gane?"

Ya ce, "Shekara ukku bayan na tahi. Wani Buzu ya aje mani kantu biyu a kasuwa, ina juya su ina hwaɗin wanga ya hi wancan nan, wancan ya hi wanga can, sai karatun allo yaf faɗo mani. Nac ce ashe abin da Malam ka nuhi ke nan." Ya ɗan yi dariya. "Nawa nac ci?"

Na ce masa yanzu ba ni da ikon ba shi maki.

Ya ce, "Na sani. So nike dai ka san na ji."

Ta yamma na bi, na isa Tawa lafiya.

Takardun nan biyu suna cikin gafakata, mai jan layi da marar jan layi. Duk wanda ya so a cikinku ya zo ya karanta su, ta farko kafin ta biyu, ya kuma lissafa shekarun da ke tsakaninsu da abin da ya wuce yaron a cikinsu. Gobe in kun rubuta kalma a allo kun faɗi ma'anarta, kada ku ce a maimaita tukuna. Ku ajiye allin, ku dubi wanda ke zaune can baya, ku tambaye shi abin da ya ji, ku kuma tsaya har ya gama faɗa.